Layi na 501

Shekara 14 na yi ina riƙe da lissafin ɗakin ajiya na wani kamfanin gyaran injina kafin in gina abin da za a iya kira manhaja. Aikin ba shi da wuyar bayani. Kaya su shigo in rubuta, makaniki ya zo ya karɓi abin da zai yi gyara da shi in rubuta, ƙarshen wata in cire abin da ya fita daga abin da ya shigo, in duba ko ragowar ta yi daidai da abin da ke kan kanta. A baki ke nan. A aikace kuwa, takardun karɓar kaya da hannu ake cike su, a tsaye, cikin sauri, da yatsun da suka sha baƙin mai. Wani ya rubuta filta, wani ya rubuta matacin mai, wani ya rubuta lambar injin kawai ya sa hannu ya wuce. Ni ce zan zauna da yamma in kwashe su ɗaya bayan ɗaya in shigar a Excel, ina cankar abin da kowa yake nufi.

Ba gajiyar ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk ranar da lissafi bai haɗu ba, ido kan mutum yake komawa. Muna da wani dattijo mai riƙe da makullin sito, kowa Baba yake ce masa, ya riga ni zuwa wurin da shekaru masu yawa. Akwai watan da takarda ta ce bel 12 suna nan, kanta ta ce babu ko ɗaya. Ba wanda ya fito ya ce Baba ya ɗauka, amma an kira shi ofis sau biyu, kuma na ga yadda ya fito a karo na biyu yana share fuska da hularsa. Bayan kwana 9 na gano takardu uku sun maƙale a bayan aljihun tebur. An fitar da kayan bisa ƙa'ida, takardun ne ba su iso hannuna ba. An ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ni dai abin bai bar raina ba, domin na san lissafina ne ya ja masa.

Na sha roƙon a sayo mana manhajar kula da kaya. Amsar kullum ɗaya ce: waɗanda ake sayarwa sun fi ƙarfin ƙaramin wuri irin namu, a ɗauko mai rubuta manhaja kuma ba ya cikin kasafi. Mutum ɗaya ne ke kula da duk kwamfutocin kamfanin, wani matashi mai haƙuri, kuma tun daga firinta har intanet a wuyansa suke.

Shi ne ya fara nuna mini ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, kuma na yi watanni ina jin ana ta maganarsa ban kula ba, don a ganina abin 'yan makaranta ne. Sai wata rana a tsakiyar 2023 ya same ni ina fama da wata fomula da ta ƙi ba ni amsa. Ya ce, "Anti, ki rubuta masa matsalar kamar yadda za ki faɗa mini." Na rubuta. Kafin in ɗauke hannu daga kan madannai amsa ta fito, ga fomula, ga bayanin inda tawa ta karkace. Na gwada, ta yi. Na daɗe ina kallon allon. Abin da na kwashe awa biyu a kansa ke nan.

Da ya ga yadda abin ya shige ni sai ya ce, "Ai Anti, da irin wannan za ki iya gina manhajar da kike ta nema da kanki." Na ce masa, ƙanena, ni ban karanta kwamfuta ba, shekaruna 43, yanzu ne zan fara? Ya buɗe mini wani shafi da ke cikin rajistar Microsoft 365 da kamfanin ya daɗe yana biya, ya ce sunansa Power Apps, ya tafi gyaran firinta ya bar ni da shi.

Daga baya na fahimci irin wannan abu yana da suna da tarihi. Dandali ne da ake gina manhaja a kai ba tare da dogon rubutun kod ba. Kana jawo akwatin rubutu ka ajiye, ka jawo maɓalli ka ajiye, ka haɗa su da inda bayananka suke, sai 'yan gajerun fomuloli da za su faɗa wa kowane abu aikinsa. Kamfanin bincike na Forrester ne ya raɗa wa wannan salo sunan lo-kod a 2014, wato mai ƙarancin kod. Power Apps ya fito ga kowa a 2016. Akwai AppSheet da Google ya saya a 2020, akwai Mendix da OutSystems da manyan kamfanoni ke amfani da su. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne harshen fomulolin Power Apps, wanda aka sanya wa suna Power Fx a 2021, daga fomulolin Excel aka ɗauko tsarinsa. Na ga If, na ga Sum, sai na ji kamar na shiga baƙon gari na tarar da 'yan uwa. A Maris 2023 kuma aka sanar da saka Copilot, mataimakin ƙirƙirarriyar basira na Microsoft, a cikinsa, ta yadda mutum zai bayyana abin da yake so da magana a fara zana masa. Ni na yi amfani da mataimaka iri-iri a wannan tafiya, wani a cikin dandalin, wani a shafi daban, don haka zan riƙa cewa mataimakin kawai.

Umarnin farko da na ba shi jimla ɗaya ce: ina son manhajar kula da kayan sito. Ya ba ni kuwa, tsaf da ita, da gurbin suna da gurbin adadi da gurbin farashi. Na yi murna na kwana biyu kafin in lura ba ta san komai game da aikinmu ba. Ba ta san makaniki yana iya karɓar abu biyar ya dawo da biyu ba. Ba ta san wasu kayan a kwali suke shigowa amma ɗaiɗai suke fita ba. Ba ta san kowane abin da ya fita dole a jingina shi da aikin gyaran da aka yi da shi ba, don da haka ake cajin mai injin. Ba laifinsa ba ne, ban faɗa masa ba. Abin da na sani a jikina tun shekaru 14, ban taɓa zama na furta shi da kalmomi ba.

Sai na sauya dabara. Na ce masa kada ya gina komai tukuna, ya yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har sai ya fahimci yadda kaya ke shiga da fita a wurinmu. Wannan zaman, wanda na yi shi da dare bayan yara sun yi barci, shi ne darasi mafi girma da na samu. Ya tambaye ni: idan abu ɗaya yana da suna uku, me ke tabbatar da cewa shi ne? Idan an canza farashin abu yau, kayan da suka fita watan jiya da wane farashi za a lissafa su? Idan makaniki ya bar aiki, me zai faru da tarihin abin da ya karɓa? Wa ke da ikon gyara abin da aka riga aka shigar? Wasu na amsa nan take. Wasu sai da na kwana da su, wasu kuma na kai wa Baba da safe. Shi ya tuna mini cewa akwai kayan da ake cirowa daga tsofaffin injina a mayar sito, kuma ba a taɓa rubuta shigowarsu a ko'ina. Ashe wani ɓangare na rashin daidaiton da ke wahalar da mu daga nan yake.

Bayan tambayoyin sai mataimakin ya ba ni shawarar da na ƙi da farko. Ya ce in daina zuba komai a jadawali ɗaya mai faɗi kamar yadda na saba a Excel, in raba shi huɗu: na kaya, na makanikai, na ayyukan gyara, da na motsin kaya. Kowane abu a ba shi lamba tasa da ba za ta taɓa canzawa ba. A jadawalin motsi ba za a rubuta sunan kaya ba sam, lambarsa kawai, da adadi, da ko shiga ce ko fita, da lambar wanda ya karɓa, da lambar aikin. Na ce masa wannan ƙarin wahala ce. Ya ba ni misali da filtar da nake kuka da ita: idan sunan a wuri ɗaya kaɗai yake zaune, ba yadda za a yi ya zama uku, kuma ranar da aka so gyara shi sau ɗaya za a gyara. Na tsaya na yi shiru. Matsalar da ta cinye mini yammaci ɗaruruwa, maganinta bai wuce haka ba. Daga baya na karanta cewa wannan tunani ya girme ni. Wani masani a IBM mai suna Edgar Codd ne ya shimfiɗa shi a 1970, kuma a kansa yawancin rumbunan bayanai na duniya suke tsaye. Har yau ina ganin duk mai son shiga wannan harka nan ya kamata ya fi daɗewa. Launin maɓalli da kyan fuska ana gyara su a minti biyar, amma jadawalin da aka karkata tun farko, tun ran gini ran zane.

Na ajiye jadawalan a jerin SharePoint, wato wurin ajiye bayanai layi-layi na Microsoft a intanet, saboda shi ke cikin rajistar da muke da ita. Sauran ginin ya tafi da sauri. Fuska ɗaya ta neman kaya, ɗaya ta fitarwa, ɗaya ta mayarwa. Na koyi fomulolin Filter da LookUp masu zaƙulo layukan da ake nema, na koyi Patch da ke rubuta sabon layi. Ranar da na danna maɓalli a wayata na ga layin ya bayyana a kwamfutar da ke gabana, na tashi na zagaya teburin sau biyu. Ban taɓa jin irin wannan ba a wurin aiki.

Ƙananan tuntuɓe sun zo, kuma kowanne ya koya mini halin abokin aikina, wato mataimakin. Wata rana ya ba ni fomula da wani suna a cikinta da dandalin ya ja wa jan layi. Na bincika takardun bayanin dandalin, babu wannan sunan ko kaɗan. Na koma na faɗa masa, ya ba da haƙuri ya kawo wata. Abin da ya tsaya mini shi ne da murya ɗaya ya faɗi ta ƙaryar da ta gaskiyar, babu alamar shakka a ko ɗaya. Irin waɗannan mataimaka daga ɗimbin rubutu suka koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo wata, don haka suna iya haɗa abin da ya yi kama da daidai alhali babu shi. Wata rana kuma kwanan wata ya rikice, 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris, saboda a tsarin Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana. Sai makanikin da ya danna maɓalli sau biyu don intanet ya yi jinkiri, abu ya fita sau biyu a lissafi. Na koyi kashe maɓallin da zarar an danna shi har sai aikin ya kammala. Duk waɗannan suna da kirki ta fuska ɗaya: suna nuna kansu.

Muka fara amfani da manhajar. Makanikai suka yi gunaguni na mako guda suka saba. Baba ya ƙi taɓa waya, ya ce shi dai littafinsa, kuma ya ci gaba da rubuta duk abin da ya fita da biro kamar yadda ya saba. Ban hana shi ba, amma a raina ina ganin ɓata lokaci ne. Ƙarshen watan farko lissafi ya haɗu cikin minti 20. Na biyu ma haka. Shugabanmu ya yaba mini a gaban ma'aikata. Na fara yarda da allon fiye da idona.

A wata na uku Baba ya leƙo ofishina, bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "'Yata, filtar nan ta babban inji, nawa wayarki ta ce sun rage?" Na duba na ce 46. Ya ce, "Tara ne a kanta." Na ce masa ya sake ƙirgawa, wataƙila akwai kwali a baya. Ya ce ya ƙirga sau uku. Ya juya ya tafi.

Zan faɗi abin da ya fara zuwa zuciyata, duk da ba na jin daɗin tuna shi. Na yi tunanin ko an fitar da kaya ba a shigar ba. Wato na fara neman laifin a wurin mutum, kamar yadda aka yi a shekarar bel 12, ni da na gina wannan abu don kada a sake yin haka. Na riga na buɗe saƙo zan rubuta wa shugaba cewa akwai giɓin filta 37. Allah ya sa na tsaya na ce bari in ari littafin Baba tukuna.

Na zauna da littafin da jerin motsin kaya gefe da gefe. Duk fitar da ya rubuta tana cikin jerin, ba wadda ta ɓace. Makanikai sun shigar da komai. Na ɗauki kalkuleta na haɗa da hannu, ya ba ni 9. Manhajar da ke karanta wannan jerin tana cewa 46. Jikina ya yi sanyi. Na gwada wasu kaya biyar, huɗu daga ciki ba daidai ba, kuma duk ta gefe guda suka karkata: kayan da suka motsa a makonnin baya-bayan nan, manhajar ba ta ganin motsinsu.

A gefen fomular da ke lissafa ragowa akwai wata 'yar alama mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa. Tun ranar da na rubuta fomular take nan. Na gan ta, na ga ba ja ba ce, na ga komai yana aiki, na wuce. A daren nan na ɗora linzami a kanta na karanta abin da take cewa, na kwafe na kai wa mataimakin, na kuma buɗe takardun dandalin na karanta da kaina.

Ga abin da ke faruwa. Manhajar da ke cikin waya ba ta ɗauko duk bayanan ta yi lissafi a kansu. Tana aika tambaya can inda bayanan suke, rumbun ya yi binciken ya dawo mata da amsa. Wannan shi ne wakilta aiki. Amma ba kowace tambaya kowane rumbu ke iya karɓa ba. Idan fomula ta ƙunshi abin da ba a iya wakiltawa, sai manhajar ta ɗebo layuka 500 na farko ta yi aikin a kansu ita kaɗai, ta ba da amsa kamar ta duba duka. Ana iya ɗaga wannan iyaka zuwa 2,000, ba ta wuce nan. Fomulata tana amfani da Search wajen tattaro motsin kowane kaya, kuma Search ba ya wakiltuwa a jerin SharePoint. A watanni biyun farko layukanmu ba su kai 500 ba, shi ya sa komai ya yi daidai. Ranar da aka rubuta layi na 501, daga nan manhajar ta makance ga duk abin da ya biyo baya. Ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙara ba, ta ci gaba da ba da lambobi masu kyan gani. A daren da na gano, jerin ya haura layi 800.

Na koma kan tsohuwar hirarmu da mataimakin don in ga inda aka kauce. Fomular da ya ba ni ta amsa abin da na tambaya daidai. Na gwada ta da layuka 30 na gwaji, ta yi. Ban taɓa faɗa masa cewa wannan jeri zai riƙa ƙaruwa da layuka ɗaruruwa kowane wata ba, shi ma bai tambaya ba, gargaɗin kuma yana gabana ban karanta ba. Shi bai taɓa ganin sitonmu ba. Ni ce na san yawan takardun da nake kwashewa kowace yamma.

Da safe na fara zuwa wurin Baba kafin in je ko'ina. Na ce masa lissafinsa ne daidai, nawa ne ya kauce, kuma ya yafe mini cewar da na yi ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Ba komai 'yata, ai gani ya kori ji." Daga nan na shiga wurin shugaba. Na ce, "Yallaɓai, rahoton da na ba ka kwanan nan akwai kuskure a ciki, kuma daga wurina yake." Na nuna masa komai. Saboda lambobin ƙarya ba mu yi odar wasu kaya a kan lokaci ba, injina biyu suka zauna kwana 6 suna jiran filta, masu su suna ta kira. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko zan iya gyarawa ko a koma takarda. Na ce a ba ni mako ɗaya, kuma a cikin makon littafin Baba ne hukunci.

Gyaran kansa bai yi tsawo ba. Na cire Search, na sa Filter ya nemi lambar kaya daidai wa daida, abin da rumbun ke iya yi da kansa komai yawan layuka. Inda ake neman kaya da suna na koma StartsWith, wanda shi ma yana wakiltuwa. Na sa wa gurbin lambar fihirisa, wato jagorar da ke sa rumbun ya gano layi ba sai ya duba duka ba, domin jerin SharePoint yana da wata iyakar ta dubawa a layi 5,000, kuma ba na son in sake cin karo da bango ban shirya ba. Sannan na ƙara rufe lissafi a ƙarshen kowane wata: a ajiye ragowar kowane kaya, wata mai kamawa ya fara daga nan, ta yadda manhajar ba za ta taɓa buƙatar haɗa tarihin shekara guda don ta faɗi abin da ke kan kanta ba. Kafin in sake ta, na sa mataimakin ya ƙirƙiro mini layukan bogi 6,000, na zuba su a wani kwafi na gwaji, na kwatanta amsarta da lissafin da na yi daban a Excel. Sau biyu suka saɓa, sau biyu na koma na tono dalili.

Wannan abin ya canza yadda nake magana da mataimakin. Yanzu kafin in nemi fomula ina faɗa masa inda bayanan suke zaune, layuka nawa ne yau, nawa za su kai nan da shekara biyu, mutum nawa za su yi amfani da ita lokaci guda. In ya ba ni, sai in ce ya bayyana mini ita gaɓa-gaɓa, kuma ba na saka abin da ba zan iya maimaita bayaninsa da bakina ba. Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: a wane hali wannan za ta ba da amsar da ba daidai ba ba tare da ta nuna kuskure ba? Abin mamaki, in an tambaye shi haka yakan lissafo abubuwa masu ma'ana sosai, har da wanda ya kayar da ni. Sanin yana wurinsa tun farko. Tambayar ce ba ta zo ba.

Ta wannan tambayar na gano wata ɓarakar kafin ta yi ɓarna. Na ɓoye maɓallin gyara adadi ga kowa sai ni da shugaba, ina ganin na kulle ƙofa. Ashe ɓoye maɓalli labule ne kawai. Duk wanda ke da izinin rubutu a jerin yana iya buɗe shi kai tsaye ta burauza ya canza abin da ya ga dama ba tare da ya bi ta manhajar ba. Dole izinin ya zauna a kan bayanan kansu. A nan na koma wurin matashin nan namu, muka zauna tare muka tsara wa ke iya karantawa, wa ke iya ƙarawa, wa ke iya gogewa. Shi ne kuma ya ja mini kunne tun da wuri cewa kada in riƙa kwafe sunayen abokan cinikinmu da lambobinsu ina zubawa a shafin hira na waje. Tun daga lokacin da bayanan bogi nake tambaya. Ina ganin kuskure ne mai irin aikina ya ɗauka cewa tun da ya iya gini shi kaɗai, ba ya buƙatar masana kwamfuta. Na fi buƙatarsa yanzu fiye da da, sai dai tambayoyin da nake kai masa sun canza.

Akwai masu ce mini abin da nake yi ba shi ne ainihin rubuta manhaja ba. Ban musa ba. Ba zan iya gina manhajar banki ba, kuma in kamfaninmu ya ninka goma, abin da na gina zai buƙaci ƙwararru da rumbun da ya fi wannan ƙarfi. Amma shekara 14 ina jiran wani ya zo ya warware matsalar sitonmu, ba wanda ya zo, saboda ta yi ƙanƙanta ga masu sayar da manhaja, ta kuma yi girma ga takarda. Irin waɗannan matsaloli sun cika ofisoshi, kuma wanda ya fi sanin kowacce shi ne wanda ke zaune a cikinta. Alhamdulillahi, bayan ta sito na gina ta neman hutu da ta bibiyar injinan da ke jiran gyara. Na rubuta bayanin kowacce a fili, jadawali da fomula da dalilin kowace, don kada ranar da ba na nan a rasa mai taɓa su. Wata yarinya da aka ɗauka aiki bara tana koyo a hannuna. Ranar farko ban buɗe mata dandalin ba. Na ba ta takarda da biro na tura ta sito ta yini tana kallon yadda kaya ke fita.

Littafin Baba yana nan, ni na roƙa kada a daina. Na ƙara wata fuska a manhajar da ke zaɓo kaya 10 kowane mako ba tare da tsari ba, ta ɓoye adadin da take da shi har sai an ƙirga na kanta an shigar. Ni da shi muke yi. Shi ya ƙirga, ni in riƙe waya. A makon da ya wuce, da muka zo kan abu na bakwai, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in gani, ina ake dannawa?" Na nuna masa. Ya sa yatsa a hankali ya rubuta 23, ya danna. Allon ya nuna 23. Ya miƙo mini wayar, ya buɗe littafinsa ya rubuta 23 a can ma, muka matsa kanta ta gaba.